Magini da Manomi: Tarihin Hanyoyi Biyu na Tafiyar da Furoje

Kalmar furoje ta shigo Hausar Nijar daga Faransanci, ta kuma zauna daram har ta zama ƴar gida. Daga Tawa zuwa Damagaram, da wuya a sami ƙauyen da bai taɓa ganin farar mota mai tambari a ƙofa ba, ko allon ƙarfe a bakin hanya ɗauke da sunan mai ba da kuɗi, da shekarar fara aiki da ta gamawa. Wasu allunan sun yi tsatsa, abin da suke shela ya ɓace kamar ba a yi ba. Wasu kuwa allon ne ya faɗi, aikin yana nan tsaye. Akan danganta wannan bambanci ga gaskiyar ma'aikata ko rashinta, ko ga yawan kuɗi, ko ga damina. Duk waɗannan suna da nasu rabo. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wato hanyar da aka zaɓa tun farko don tafiyar da aikin. Wannan zaɓi yana da tarihi na fiye da shekara 100, wanda ya faro daga masana'antun Amurka, ya bi ta ofisoshin masu ba da taimako, ya sauka a gonakin Adar da Gobir.

Furoje aiki ne mai mafari da ƙarshe, mai kuɗi ƙayyadaddu, wanda ake so ya haifar da wani abu da babu shi a da. Koyarwar da malami ke yi kullum a aji aiki ne na yau da gobe. Gina sabon aji, ko shirya littafin karatu, ko haƙa rijiya, shi ne furoje. Masana sun daɗe da yarda cewa kowane furoje yana da rayuwa mai matakai: a gano bukata, a tsara shiri, a aiwatar, a riƙa bin diddigi, daga ƙarshe a rufe a miƙa wa masu shi. A kan wannan babu gardama. Inda aka rabu shi ne sau nawa ya kamata a bi waɗannan matakai.

Magini sau ɗaya yake bin su. Ya auna fili, ya haƙa harsashi, ya ɗora tubali, ya jera azara, ya yi rufi. Ba ya komawa ga harsashi bayan ya ɗora rufi, shi ya sa aka ce tun ran gini ran zane. Manomi kuwa kowace shekara yake sake zagayowa. Ya yi sassabe, ya shuka, in ruwa ya ɗauke ya sake shuka, ya yi noman farko da maimai, ya girbe, abin da ya gani bana shi zai gyara masa baɗi. Tarihin ilimin tafiyar da furoje, in an taƙaita shi, labarin tarbiyyar magini ne da ta mamaye duniya, da yadda aka wahala kafin a tuna da ta manomi.

Zamanin injiniyoyi

Mutane sun gina dala a Masar da ganuwa a Kano ba tare da wani ilimi mai suna tafiyar da furoje ba. Abin da ƙarni na 20 ya kawo shi ne rubuta shirin a kan takarda ta yadda kowa zai iya karantawa. Wajen shekarun 1910, wani injiniya Ba'amurke mai suna Henry Gantt ya fito da jadawali mai sauƙi: ayyuka jere daga sama zuwa ƙasa, kwanaki jere daga hagu zuwa dama, kowane aiki da sandarsa mai nuna ranar farawa da ta gamawa. Wani injiniyan ƙasar Polan, Karol Adamiecki, ya riga shi ƙirƙiro makamancinsa tun 1896, amma bai yaɗu ba saboda harshen da ya rubuta da shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Amurka ta yi amfani da jadawalin Gantt wajen ƙera makamai da jiragen ruwa. Har yau shi ne ake liƙa wa a ƙarshen takardun neman tallafi.

Manyan gine-ginen wancan zamani sun nuna amfanin jera aiki daki-daki. Madatsar ruwa ta Hoover, a kan kogin Kolorado, an fara ta a 1931 aka gama a 1936, kusan shekara biyu kafin wa'adi. Sai da aka huda ramuka huɗu a cikin dutse aka karkatar da kogin, sannan aka share gindinsa, sannan aka zuba kankare. Babu yadda za a yi a sauya wannan jeri, kuma babu mai bukatar a tambayi kogin ra'ayinsa.

A ƙarshen shekarun 1950 aka ƙara wa jadawalin lissafi. A 1957, Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand suka tsara wata dabara ta gano, a cikin ɗaruruwan ayyuka masu jiran juna, wace sarƙa ce ta fi tsawo. Duk aikin da ke kan wannan sarƙa, in ya yi jinkirin kwana ɗaya, furoje gaba ɗaya ya yi jinkirin kwana ɗaya. Sauran ayyuka kuwa suna da ɗan sarari. A 1958 rundunar ruwa ta Amurka ta fito da makamanciyarta mai suna PERT, don aikin makami mai linzami na Polaris. A nan kowane aiki ana yi masa kintace uku: in komai ya tafi daidai, in ya tafi kamar yadda aka saba, da in ya ɓaci. A watan Yuli na 1960 aka harba Polaris daga jirgin ƙarƙashin teku, cikin gaggawar da ta ba kowa mamaki, sai duniya ta ɗauka lissafin ne ya yi aikin.

Bayan shekara 12, a 1972, wani masani mai suna Harvey Sapolsky ya bincika tarihin Polaris, ya tarar da wani abu dabam. Jadawalan masu ban sha'awa sun fi yin amfani wajen kwantar da hankalin ƴan majalisa da masu binciken kuɗi, su bar injiniyoyi su yi aikinsu. Su kuwa injiniyoyin gwaji suka yi ta yi, suna bin hanyoyi biyu ko uku a lokaci guda, suna yar da wadda ta gaza. Amma kafin wannan bayani ya fito, sunan PERT ya riga ya zagaye duniya. A 1969 aka kafa cibiyar PMI a Amurka, daga baya tafiyar da furoje ta zama sana'a mai takardar shaida.

Magada biyu

Fannoni biyu da ba su san juna ba suka gaji wannan tarbiyya a lokaci guda. Na farko masu rubuta manhajar kwamfuta. A 1970 Winston Royce ya wallafa wata maƙala inda ya zana matakan aikinsu suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya: a rubuta bukatu, a zana tsari, a rubuta manhaja, a gwada, a miƙa. Daga baya aka raɗa wa zanen sunan gangarar ruwa, domin ruwan da ya gangara ba ya komawa tudu. Abin mamaki shi ne a cikin wannan maƙala Royce ya yi kashedi cewa bin matakan haka kawai haɗari ne, tunda gwaji yana zuwa a ƙarshe, lokacin da gyara ya yi tsada. Ya ba da shawarar a fara yin samfuri, a kuma jawo mai aikin kusa tun da wuri. Aka ɗauki zanen aka bar kashedin. A 1985 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta ɗora ƴan kwangilarta a kan wannan hanya, sai a 1994 ta maye ta da wata mai sassauci.

Magaji na biyu shi ne ofisoshin taimakon ƙasashe. A 1969 aka ƙirƙira wa hukumar taimako ta Amurka, USAID, wani jadawali mai gida-gida wanda ke ɗaure ayyuka da sakamako, sakamako da manufa, kowane da ma'auninsa. Shi ne ma'aikatan furoje na Nijar suka sani da sunan kadar lojik. A 1970 Warren Baum na Bankin Duniya ya bayyana zagayen furoje, a 1978 ya faɗaɗa shi zuwa matakai shida: ganowa, shiryawa, tantancewa, yarjejeniya, aiwatarwa da sa ido, sai ƙimantawa. Jamusawa suka ɗauki jadawalin suka ƙara masa tarukan shawara a shekarun 1980, Hukumar Turai ta rungumi tsarin a farkon shekarun 1990. Ko da yake an kira shi zagaye, ga furoje guda ɗaya miƙaƙƙen layi ne: darasin da aka koya a ƙarshe furoje na gaba ne zai ci gajiyarsa, in har an karanta rahoton.

Tun kafin tsarin ya kafu akwai wanda ya yi shakka. Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya ziyarci ayyuka 11 da Bankin Duniya ya ba bashi, ya wallafa abin da ya gani a 1967. Ɗaya daga cikinsu shi ne layin dogo na Barno a Najeriya, wanda ya isa Maiduguri a 1964, ya tarar manyan motoci suna ƙwace masa kaya. Hirschman ya lura cewa babu furoje ɗaya da ya tafi yadda aka rubuta. Waɗanda suka tsira sun tsira ne da dabarun da masu aikin suka ƙago bayan sun ci karo da abin da ba a hango ba.

Manyan furoje a Nijar

A 1973, a birnin Nairobi, shugaban Bankin Duniya Robert McNamara ya yi shelar cewa bankin zai juya ga ƙananan manoma. Wannan shela ta zo daidai da babban farin da ya addabi Sahel, ta kuma zo daidai da lokacin da kuɗin yuraniyom suka fara cika baitulmalin Nijar. Sai manyan furoje na bunƙasa noma suka bazu, kusan kowace jaha da nata da mai ɗaukar nauyinta: na Mirya, Matamai da Magarya da kuɗin Turai, na Maraɗi da kuɗin Bankin Duniya, na Yamai da kuɗin Amurka, na Tawa da kuɗin Jamus. A ƙetaren iyaka ma, a Funtuwa da Gusau da Gombe, irinsu aka buɗe a tsakiyar shekarun 1970.

Tsarinsu kusan ɗaya ne. Masana sun riga sun yanke abin da manomi ke bukata: ingantaccen iri, maganin iri, takin zamani, shuka a layi, da garmar shanu a kan bashi. Akan ɗauki ma'aurata matasa a kai su cibiyar horo su yi damina guda, su koma gida da shanu da kayan aiki, da fatan maƙwabta za su kwaikwaya. An rubuta adadin hekta da tan-tan na taki da yawan waɗanda za a horar, shekara bayan shekara, tun kafin a buga fartanya ɗaya. Shirin magini ne aka shimfiɗa a kan gonar tudu.

Ita kuwa gonar tudu ba ta sa hannu a yarjejeniya ba. A shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, taki ba ya mayar da kuɗinsa, bashi kuwa yana nan. Manomin da ke haɗa hatsi da wake da dawa a gona ɗaya yana yin haka ne don kada ya tashi a tutar babu, lissafin da jadawalin bai san da shi ba. Ma'aikacin furoje da ya ga haka a fili ba shi da ikon sauya shirin, domin abin da za a auna shi da shi shi ne cika adadin da aka rubuta. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta kasa ɗaukar nauyin motoci da albashi da gine-ginen da ayyukan suka bari. A watan Nuwamba na 1982, zamanin Seyni Kountché, aka yi taron ƙasa a Damagaram a kan hanyoyin aiki a karkara. Taron ya soki tsadar manyan furoje da yadda aka mayar da manoma ƴan kallo, ya nemi a koma ga ƙananan ayyuka da mutanen ƙauye za su iya riƙewa. A watan Mayu na 1984 aka yi wani taron a Maraɗi a kan yaƙi da hamada.

Ba a Nijar kaɗai aka ga haka ba. A 1980 David Korten ya nazarci wasu ƙungiyoyin Asiya da suka yi nasara, cikinsu har da BRAC ta Bangladesh da hukumar madara ta Indiya, ya tarar babu wadda ta fara da cikakken shiri. Sun fara kaɗan, sun koyi abin da ke aiki, sannan suka koyi yin sa da araha, sannan suka faɗaɗa. Ya bambanta tsarin taswira da tsarin koyo a kan aiki. A 1992 wani rahoton cikin gida na Bankin Duniya, wanda aka sani da sunan Wapenhans, ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ayyukan da aka kammala a 1991 ba su gamsar ba, ya kuma ɗora laifin a kan al'adar damuwa da amincewa da sabon bashi fiye da bin abin da ke faruwa a fili.

Kaita, Illela da Maraɗi

Yunwar 1984, wadda mutane suka raɗa wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ta zama mararraba. A shekarun da suka biyo baya, ayyuka uku a kudancin Nijar sun nuna hanyoyi uku.

A kwarin Kaita, cikin Adar, aka buɗe babban furoje a 1984 da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana aiwatarwa, Hukumar Abinci ta Duniya tana biyan ma'aikata da abinci. Yawancin masu aikin mata ne, domin maza sun tafi bida. Aiki ne na injiniya: a fara daga kan tudu, a tsage fako da tarakta, a jera duwatsu, a haƙa ramukan tare ruwa a gangare, a datse kwazazzabai, a yi madatsu da hanyoyi. Ruwa daga sama yake gangarowa, saboda haka dole a bi jeri, wanda ya fara daga ƙasa ruwan shekara ɗaya zai share masa aiki. Cikin kusan shekara 20 an farfaɗo da hekta fiye da 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. A nan shirin magini ya dace da abin da ake yi, kuma an ba shi shekarun da yake bukata. Rauninsa shi ne dogaro da injuna da abincin waje, abin da ƙauye ba zai iya ci gaba da shi shi kaɗai ba. Haka ma shingayen dogon yaro na tare iska da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 sun kama, domin an san itacen, an san ƙasar, ruwa kuma yana kusa.

A Illela abin ya ɗauki wata hanya. A 1989 wani furoje da asusun FIDA ke ɗaukar nauyi ya kai wasu manoma ziyara yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, a shuka a ciki. Da suka dawo suka gwada a ƴan hekta kaɗan, suka kira abin tassa. Damina ta 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka ba da amfani a inda na maƙwabta suka ƙone. Gani ya kori ji. Cikin ƴan shekaru mutane suka fara sayen fakon da a da ba mai so ko kyauta, matasa suka mayar da haƙar tassa sana'a. Hikimar masu furojen ita ce da suka ga abin da manoma suka zaɓa, suka bi bayansa.

A Maraɗi kuwa an shafe shekaru ana renon itatuwa a gandu, ana kai su ƙauyuka, yawancinsu suna mutuwa saboda fari da awaki da iska. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya don rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, ya duba wani ɗan tsiro da kyau, ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa tana raye a ƙarƙashin ƙasa. Ashe itatuwan suna nan, kowace shekara a lokacin sassabe ake datse su. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture na sabara ko kalgo, a rage sauran, a bar su su tashi. Aka kira abin sassaben zamani. A 1984 aka haɗa shi da rabon abinci a ƙauyuka kusan 100. Da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Da ma'aunin kadar lojik za a auna, da an rubuta furojen ya faɗi. Amma waɗanda suka bar nasu suka sami itacen girki da abincin dabbobi, iska ta daina binne musu shuka, maƙwabta suka gani. Masu aikin suka sassauta ƙa'idojinsu, kowane manomi ya zaɓi irin itacen da yake so da yawan da gonarsa za ta ɗauka. A yankin Damagaram manoma sun riƙa barin gawo ya tashi bisa al'adar da suka gada, ba tare da jiran kowa ba. Sassaucin da ma'aikatan gandun daji suka yi a kan tara, da dokar karkara ta 1993, da ta gandun daji ta 2004, suka ƙara wa manomi tabbacin cewa itacen da ya rena zai amfane shi. A tsakiyar shekarun 2000, binciken Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu ƴan Nijar, ta hotunan sama da ziyarar fili, ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Babu takardar furoje da ta taɓa alkawarta wannan adadi.

Masu kwamfuta sun iso wuri ɗaya

A daidai waɗannan shekaru, can a Amurka da Japan, magajin farko yana fama da irin wannan ciwo. Akan shafe shekaru ana rubuta manhaja bisa takardar bukatu, ranar miƙawa mai aikin ya ce ba haka yake nufi ba. A 1986 Barry Boehm ya kawo tsarin da ake zagayawa sau da yawa, kowane zagaye a fara da abin da ya fi haɗari. A wannan shekara wasu malaman Japan biyu, Takeuchi da Nonaka, suka bayyana yadda kamfanoni irin su Honda da Canon ke ƙera sabon kaya da ƙaramar tawaga mai tafiya tare. Daga nan Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar da tsarin Scrum a 1995. A watan Fabrairu na 2001, mutum 17 suka haɗu a Snowbird cikin jahar Yuta, suka fitar da sanarwar da aka sani da sunan Ajayil, wato zafin nama. Jigonta shi ne a riƙa miƙa ɗan abin da ke aiki kowane mako kaɗan, mai aikin ya gani ya yi gyara, a ci gaba. Da manomin Illela zai ji bayanin, da ya gane shi: ƴan hekta kaɗan bana, a duba, a ƙara baɗi.

Sai dai sassauci ma yana da wurin da yake zama ɓarna. An fara gina babban ɗakin wasanni na birnin Sidni a 1959 kafin a san yadda za a ɗora rufinsa, saboda gaggawar ƴan siyasa. Ginshiƙan da aka riga aka zuba suka kasa ɗaukar rufin da aka tsara daga baya, sai da aka sake su. An yi kintacen dalar Ostareliya miliyan 7 da gamawa a 1963; an buɗe shi a 1973 a kan miliyan 102. Wanda ya ɗauki halin manomi ya shiga gini, kankare zai koya masa hankali.

Yadda ake zaɓe

Saboda haka ne littafin jagora na cibiyar PMI, a bugunsa na 2021, ya jera hanyoyi uku ba tare da fifita ɗaya ba: ta cikakken shiri tun farko, ta gwaji da gyara, da wadda ta haɗa biyun. Tarihin da ya gabata ya bar tambayoyi uku da ke nuna wadda ta dace. Ta farko: an san ainihin abin da ake so da yadda ake yin sa, ko kuwa sai an taɓa za a sani? Ta biyu: in aka yi kuskure, nawa ne kuɗin komawa baya? Kuskuren harsashi rushe gini ne, kuskuren tassa ramuka kaɗan ne. Ta uku: nasarar aikin ta rataya ne ga duwatsu da siminti, ko ga mutane su sauya abin da suka saba? Dutse yana zama inda aka ajiye shi. Mutum sai ya gani ya yarda.

Ƙungiyar al'adu da ke son gina ɗakin karatu tana da furoje biyu a cikin ɗaya. Ginin yana son taswira, da lissafin bulo da kwano, da jadawalin Gantt, da ɗan kwangilar da ba zai sauya faɗin ɗaki a tsakiyar aiki ba. Amma waɗanne littattafai ne za a karanta, da boko ko da ajami, da wane lokaci mata za su iya zuwa, wa zai riƙe makulli bayan kuɗi sun ƙare, waɗannan ba a sanin su daga ofis. Akwatin littattafai 50 da ke zagaya unguwa wata uku zai ba da amsar da babu binciken farko da zai bayar. Haka malamin da ke shirya littafin koyon karatu: darasi biyar da aka gwada a aji biyu aka gyara sun fi littafi cikakke da aka buga kwafi 10,000 kafin yaro ɗaya ya buɗe shi.

Wahalar ita ce yawancin masu ba da kuɗi har yanzu takarda iri ɗaya suke miƙowa, mai gidajen da aka zana a 1969. Ana iya cika ta ba tare da an yi ƙarya ba: a rubuta gini da adadinsa da ranarsa, a rubuta sashen gwaji a matsayin gwaji, a sa ranakun da za a zauna da masu cin amfanin aikin a duba a sauya, a ware wa wannan zama kuɗinsa. Mataki na ƙarshe, wato miƙawa, shi ma a rubuta shi tun ranar farko, da sunan waɗanda za su karɓa da abin da za su iya ɗauka da aljihunsu. Cibiyoyin horo na shekarun 1970 sun tsaya ranar da kuɗin man motoci ya ƙare. Sassaben zamani kuwa bai bukaci komai ba sai adda da idon mai gona, kuma mai gonar ne ya san inda ɗakinsa ke yoyo.